Motar Baɗi

SHAFI NA 14

Ku yi haƙuri da shirun kwana uku, wayata ce ta faɗa cikin bokitin wanki. Masu cewa Baba Khuzwayo ya cika rowar magana, na ga saƙonninku. Ku karanta na yau tukuna kafin ku ƙara zagin bawan Allah.

*

Nokwanda ba ta ci abincin rana ba. Ƙarfe ɗaya na bugawa ta cire farar rigar aiki, ta bar wa abokiyar aikinta kemis ɗin, ta ja ƙaramar motarta ta nufi shagon motocin da ke bakin hanyar Durban.

Abu ɗaya ke cin ta. Wata biyu ke nan da ita da mijinta, Mzwakhe Khuzwayo, suka yi odar sabuwar mota, irin wadda ake jona wa wuta a gida kamar waya, in caji ya ƙare a hanya ta koma shan fetur. An ce musu za ta iso a Nuwamba, kafin bikin 'yarsu Zama a Eshowe. To jiya a zauren hira na waya na masu irin motar wani ya saka hoton wata takarda, ya ce kamfani ya gama da ƙirar bana, ta baɗi za a fara haɗawa, kuma batirinta ya fi girma. Wani ya ce ƙarya ne. Wata kuma ta ce ita an miƙa mata tsohuwar ƙira sati biyu kafin sabuwa ta fito, har yau in ta tuna sai abinci ya fita ranta.

Tasu fa? Ta bana ce ko ta baɗi?

Da safe ta tambayi maigidan. Ya ce, "Mota ai mota ce, MaNgema," sunan da ya saba kiran ta da shi ke nan, ya dulmiya fuska cikin kofin shayi.

Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan doguwar bas tsakanin Durban da Johannesburg, wanda in aka taɓo zancen taya sai shayi ya huce bai kai aya ba. Shi ne yau mota mota ce?

Tana tura ƙofar gilashin shagon, Devan Chetty, dillalin da ya karɓi odarsu, ya miƙe da sauri yana goge maiƙon samosa a tsumma.

"Mama Khuzwayo! Yau da kanki? Zauna, zauna. Shayi ko lemo?"

"Amsa nake so, ɗana. Ka riƙe shayinka."

"Kai, yau da zafi aka zo."

Ta zauna, ta ɗora jaka a cinya, ta juya masa fuskar waya.

"Wannan takardar gaskiya ce?"

Ya kanne ido ɗaya yana dubawa, sannan ya yi dariya.

"Mutanen zauren nan sun fi mu samun labari. Mu sai masana'anta ta ga dama take gaya mana. Amma e, gaskiya ce. Duk motar da aka haɗa daga tsakiyar Nuwamba ƙirar baɗi ce."

"Me ya bambanta su?"

"Batir ya ƙaru. Ta bana in kin cika ta za ta kai ki Howick ki dawo ba ki taɓa fetur ba. Ta baɗi kuwa har Durban za ta kai ki. Sun ƙara kyamarori, sun sauya fitilun gaba. Amma sun cire maɓallan na'urar sanyi, komai ya koma kan allo."

"Wato in zufa ta dame ni sai na tsaya na yi karatu."

"Haka duniya ta koma, Mama. Sannan launin nan da kika zaɓa…"

"Koren nan nawa?"

"Sun daina shi."

"Sun daina kore? Me kore ya yi musu?"

"Ke ce mutum ta biyu da ta taɓa neman sa a shagon nan. Na farkon ma ya dawo ya ce matarsa ta ƙi shiga."

Ta harare shi, amma sai da murmushi ya ƙwace mata.

"To yanzu gaya mini ba tare da kewaye-kewaye ba. Tamu wacce za a kawo? In ta bana ce, ina so in sani ko ya kamata mu jira. In jiran zai wuce biki, ba zan jira ba. Baban Zama ya rantse shi zai kai 'yarsa gidan miji a sabuwar mota, da hannunsa a kan sitiyari."

Devan ya tsaya da murmushin a fuska, amma idonsa ya sauya.

"Mama… ai Baba ya riga ya gama wannan maganar."

"Wace maganar?"

"Ta sauyin. Ya mayar da odar zuwa ƙirar baɗi. Sai Maris za ta iso."

Ta ɗan karkata kai, kamar wadda aka yi wa magana da wani yare.

"Maris?"

"Maris. In jirgin ruwa bai yi wasa ba."

"Bikin a Disamba ne."

"Na tuna masa. Ya ce ya sani."

"Yaushe aka yi haka?"

Ya ja allon kwamfuta, ya danna nan ya danna can, ba don bai sani ba, sai don ya sami wurin ajiye idonsa.

"Sati uku ke nan. Ranar wata Talata."

Sati uku. Sati uku suna cin abinci a tebur ɗaya, tana ƙirga masa kwanakin da suka rage motar ta iso, shi kuma yana gyaɗa kai. Har kan ma'aikacin da ya kafa musu wurin caji a gareji ta tsaya, tana cewa ya yi sauri kada mota ta zo ta tarar ba a shirya ba.

Abin mamaki, ba fushi ne ya fara zuwa mata ba. So take ta san dalili.

"Batirin ne ya ja shi?"

"A'a. Ko sau ɗaya bai tambayi batir ba."

"Fitilun?"

"Ya ɗan tambaya."

"Devan."

"Na'am, Mama."

"Na girmi mahaifiyarka ko mu zo sa'a. Kada ka sa in riƙa zaro magana daga bakinka ɗaya-ɗaya kamar mai cire ƙaya."

Ya sauke numfashi, ya jawo wata takarda mai hotuna daga aljihun tebur, ya buɗe shafin tsakiya. Wani layi yana zagaye da jan biro, an zagaye shi har sau uku.

"Shi ya yi wannan. Sau uku ya zo. Duk zuwan abu ɗaya yake tambaya."

Ta sa tabarau ta karanta. Na'ura ce da ke lura da gefen mota. In mutum ko keke ya ɓullo ta gefe direba bai gani ba, sai ta yi ƙara, in bai taka birki ba ta taka da kanta.

"Ta bana ba ta da shi?"

"Tana da na gaba kawai. Na gefe sai ta baɗi."

"Me ya tambaya a kai?"

"Ya ce daga nisan taku nawa take hango mutum. Ya ce in mutumin gajere ne fa, ko ya sunkuya. Ya ce in yamma ta yi, rana ta faɗi amma duhu bai gama shiga ba, tana gani? Ya ce hagu da dama duk ɗaya take gani, ko wani gefen ya fi?"

"Ka ce masa me?"

"Na ce duk ɗaya. Sai ya ce, ka tabbata da hagun?"

Nokwanda ta cire tabarau a hankali.

Hagu.

A coci ranar Lahadi ya koma zama a ƙarshen benci ta hagu, jikin bango, ya bar kowa a damarsa, alhali shekara ashirin wurinsa na tsakiya ne. Ranar Asabar ta miƙa masa kofi ta hagunsa, ya bar hannunta a sama har sai da ta yi magana. Ta ɗauka tunanin hidimar biki ne.

"Ya gwada tuƙa ta gwajin da kuke da ita?"

"Na ba shi makulli. Ya juya shi a hannu, ya juya, ya miƙo mini. Ya ce in ja, shi zai zauna a gefe ya saurari injin."

"Motar da ke tafiya da caji, wane inji zai saurara?"

"Ni ma abin da na ce a raina ke nan."

"Da wace mota ya zo?"

"Ban ga akori-kurarsa ba. A tasi ya sauka, can tsallaken titi."

Ta miƙe. Ta saita jakarta a kafaɗa kamar ba komai.

"Akwai saura?"

Devan ya sosa ƙeya.

"Ya ce a sa sunanki ke kaɗai a takardun motar. Na ɗauka kyauta zai yi miki, shi ya sa ban kira ki ba. Mama, don Allah kada ki ce ni na…"

"Kai ka faɗa mana. Wa kuma zai faɗa, koren da aka daina?"

*

Ba ta koma kemis ba. Ta kira ta ce a rufe ba da ita ba, ta kama hanyar gida. Rana tana tsaka, furannin jakaranda sun zube a kan titi, tayoyi na murƙushe su.

Ta same shi a bayan gida, zaune kan kujerar roba kusa da 'yan kunyoyin alayyafonsa, rediyo na magana ƙasa-ƙasa. Hularsa na kan gwiwa.

Ba ta yi sallama ba. Ta zagaya ta bayan tankin ruwa, ta taho ta hagunsa a hankali, ta tsaya. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Ta ɗaga hannu. Ta kaɗa shi.

Yana kallon gaba, yana kaɗa ƙafa.

Ta ƙirga har goma a zuci. Ba ta taɓa jin goma mai tsawon wannan ba.

"Baban Zama."

Ya zabura har hular ta faɗi. Ya juyo da kansa gaba ɗaya, ba ido kaɗai ba, sannan ya gan ta.

"MaNgema! Haka ake shigo wa mutum kamar kyanwa?"

"Tun yaushe nake tsaye a nan?"

Ya sunkuya yana laluben hular, ta riga shi ɗauka, ta riƙe.

"Yaron nan Chetty ya kira ni," ya ce. "Kina fita ya kira. Ya ce in shirya."

"Ka shirya ɗin?"

"Ɗauko kujera."

"A tsaye zan ji."

"Shekara talatin da huɗu, ba ki taɓa zama in na ce ki zauna ba."

"Yau ma ba zan fara ba. Me ya sami idonka?"

Ya kashe rediyon. Ya daɗe yana murza maɓallin bayan ya riga ya mutu.

"Likita ya ce ruwan cikin idon ne ya hau, yana danne jijiya. Ya ce ya daɗe yana ci, daga gefe yake farawa, mutum ba ya sani. Na hagun ya tafi da fiye da rabi. Na daman ya fara."

Ta san ciwon. Kullum tana miƙa wa tsofaffi maganinsa, tana ce musu kada su tsallake ko kwana ɗaya, don abin da ya tafi ba ya dawowa.

"An ba ka na ɗigawa?"

"An ba ni."

"A ina ka saya?"

Ya kawar da kai.

"Wani kemis can unguwar Hayfields."

"Hayfields." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Matarka na tsaye a bayan kanta tun safe har yamma tana ba mutanen gari wannan maganin, kai kuma ka hau tasi biyu ka je ka saya a hannun baƙo."

"Da na kawo miki takardar, kallo ɗaya za ki yi mata ki gane."

"Shi ya sa ake aure, Khuzwayo! Don a gane!"

"Kada ki ɗaga murya, maƙwabta…"

"Su ji! Ina kake ɓoye shi?"

"Cikin akwatin kayan aiki. Ƙarƙashin sifanu."

"Maganin ido a cikin baƙin mai. Allah na gode maka."

Sai a lokacin ta jawo bokiti ta kifa, ta zauna a gabansa, daidai inda zai gan ta sosai. Ta ɗora masa hular a gwiwa.

"To motar fa? Me ya kai ka sauya oda?"

Ya gyara zaman hular a gwiwarsa.

"Na ga takardar a teburin yaron. Aka ce sabuwar tana gani ta gefe. Na ce to, ga abin da na rasa, an saka a mota." Ya buɗe tafin hannunsa yana kallo. "Na ce in na jira zuwa Maris, ita ta riƙe mini hagu, ni in riƙe dama. Mu raba aikin."

"Mota ba ido ba ce."

"Na sani."

"In ka sani me ya sa…"

"Domin ban san me zan zama ba in na sauka daga kujerar nan, MaNgema!" Muryarsa ta fashe, ya yi saurin mayar da ita ƙasa. "Tun ina da shekara goma sha tara nake tuƙi. Ban taɓa kwana da haƙƙin fasinja a wuyana ba. Mutane na ba ni 'ya'yansu su ce, Khuzwayo ne, ku yi barcinku. Yanzu in zauna a gefe kamar buhun masara, ana kai ni ana dawo da ni?"

"Ni ce zan riƙa kai ka. Ni buhun masara nake ɗauka?"

"Ke da kike taka birki kamar kina kashe kyankyaso."

"Ka ga, bakinka dai lafiyarsa ƙalau."

Ya yi murmushi, ita ma ta yi, sai kuma duk suka daina a tare.

"In kana da niyyar tuƙa ta, me ya sa ka ce a sa sunana ni kaɗai?"

"Ranar da na je na uku ne. Na zauna a gefe yaron yana ja, na rufe idon dama don in gwada kaina. Rabin titi ya ɓace. Babbar mota ta wuce mu, sai ƙararta na ji. Na ce ko da na'urar, wannan motar ba tawa ba ce. Amma na kasa cewa a dawo da ta bana. In ta iso a Nuwamba, kowa zai zuba ido ya ga na ja amarya. In sai Maris ce, sai in ce kamfani ne ya yi latti, a nemi wani ya ja."

"Wato ka tura mota har baɗi don kada 'yarka ta sani."

"Don kada ta yi kuka a ranar bikinta saboda ni."

"Za ta yi kuka ko da kai ko ba kai, amarya ce." Ta goge gefen idonta da bayan hannu. "Ba ni makullin akori-kurar."

"Yana rataye a kicin. Sati huɗu ban taɓa shi ba."

Ta tsaya.

"Huɗu? Devan ya ce sati uku da sauya odar."

"E."

"Likitan fa, yaushe ka gan shi?"

"Sati uku da kwana biyu."

Ta dube shi da kyau. Ta san mijinta. Mutumin da ko zazzaɓi ya kayar da shi sai an yi rigima kafin ya haɗiyi ƙwaya ɗaya.

"Kai ba ka zuwa asibiti da ƙafarka. Wa ya kai ka?"

Ya mayar da ido kan kunyoyin alayyafo.

"Me ya faru sati huɗu da suka wuce, Baban Zama?"

Ya ɗauki hular ya matse ta a hannu.

"Ina juyawa zan shiga wani gida. A hankali nake tafiya, Allah ya sani, ko gudun keke ban kai ba. Tana tsaye ta hagu, ta buɗe mini ƙofar shiga." Ya rufe ido. "Ban gan ta ba. Sai ƙara na ji."

Nokwanda ta matso da bokitin kusa da shi.

"Ka buge mutum?"

"Ƙafarta ce ta karye. Wuri biyu."

"Tana ina? Wace ce? An kai maganar wurin 'yan sanda?"

"Ta hana. Tana kwance a ƙasa tana ihu, amma ta riƙe rigata ta ce, ba ka gan ni ba ko? Na ce ban gan ki ba. Ta ce to ba za ta gaya wa kowa ba, da sharaɗi biyu. In je a duba idona. Kuma in gaya miki da bakina kafin wata ya ƙare."

"Saura kwana biyu wata ya ƙare."

"Na sani. Da yaron nan ya kira, sai na kira ta. Na ce ta zo, ba zan iya ni kaɗai ba."

"Wace ce, Khuzwayo?"

Kafin ya buɗe baki aka yi hon a ƙofar gida.

Nokwanda ta miƙe, bokitin ya kife gefe. Ta bi ta lungun gareji da sauri, ta leƙa ta saman katanga.

Tasi ce ta tsaya. Direban ya zagayo ya buɗe ƙofar baya, ya fara fito da sanduna biyu. Sannan ƙafa ta biyo, naɗe da farin filasta tun daga yatsu har gwiwa.

Ta san filastar. Da hannunta ta rubuta "Allah ya ƙara sauƙi" a jikinta, ranar da ta kai miyar kaza asibiti tana faɗa, tana cewa mace da girmanta ta riƙa lura da santsin banɗaki.

Thembeka ce. Ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya.

Thembeka ta dogara sandunan, ta ɗago kai, suka haɗa ido ta saman katangar.

"Yaya," ta ce, "buɗe ƙofar. Bai gaya miki duka ba."